Ruwan da Na Hana Baba Mai Randa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake saukar da cuta kuma yake saukar da haƙurin ɗaukarta. Autata Falmata ce ta matsa mini in rubuta yadda jinyar mahaifinta ta kasance, wai ko wani gida zai karanta ya kiyaye. Na ce mata ni ba malamar asibiti ba ce. Ta ce ai shi ya sa.

Sunan maigidana ba zai fito daga bakina ba, ban saba ba tun ina amarya. Unguwa dai Baba Mai Randa take kiransa. Dillalin shanu ne a kasuwar Potiskum, asalin iyayensa Borno, ni kuwa daga Gadaka aka kawo ni, shi ya sa har ya koma ga Allah 'yar Gadaka yake kirana. Na zo gidan na tarar da wata babbar randa a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, an binne gindinta a yashi, da faifai a bakinta da moɗa a kai. Mahaifinsa ne ya kafa ta sadaka. Masu kora shanu, matan ƙauye masu tallan nono, direbobi, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya sha ya yi addu'a ya wuce.

Cika randar nan aikina ne kowace safiya. Ranar kasuwar shanu kuwa, kafin azahar ta ƙare an sake cikawa. Da yamma in ya dawo, yana warin shanu da rana, daga randar nake ɗebo masa a kwanon sha in durƙusa in miƙa. Sai ya shanye tas, ya shafa gemu, ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya shayar da ke ruwan Alkausara, 'yar Gadaka." Shekara da shekaru bai taɓa fasa wannan addu'a ba. Ko ranar da muka yi faɗa yana yi, sai dai ya faɗe ta yana kallon bango.

Ciwon da takalmi ya fara. Ya ce takalmansa sun tsuke, ya sayi wasu, su ma suka tsuke. Da safe fuskarsa ta tashi a kumbure, sai rana ta ɗaga kumburin ya sace. Fitsarinsa ya riƙa kumfa kamar an zuba sabulu, ga ƙaiƙayin jiki, ga amai, tuwon da yake so ma ya ce ƙarfe yake ji a bakinsa. Dama an taɓa gaya masa yana da hawan jini, ya sha magani har ya ji dama, ya watsar. Abin da bai taɓa watsarwa ba shi ne haɗin ƙwayoyin gajiya da ake ƙullawa a leda a kasuwa. Duk ranar da ya wuni tsaye cikin shanu sai ya afa su da shayi.

A makonnin farko mun sha shawarwari har mun ƙoshi. Yayarsa Ya Kellu, wadda ita ta goye shi kuma ba a musu da ita a dangi, ta ce sammu ya taka, hassadar 'yan kasuwa ce. Maƙwabcinmu ya ce shawara ce, ya kawo jiƙo a galan. Wata ta ce kunun kanwa yana wanke ciki, a riƙa dama masa safe da yamma. Duk muka yi ta ɗura masa da kyakkyawar niyya, ƙafa kuwa sai ƙara cika take.

Falmata a lokacin tana aikin jinya a ɗakin yara, tana zaune da mu a gida. Ta yi ta roƙonsa ya je asibiti yana cewa sai bayan kasuwa. Rannan ta durƙusa gabansa kamar za ta gaishe shi, ta danna ƙaurinsa da yatsa. Wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Ta ɗago ta dube ni, na ga abin a idonta. Washegari ita da babban ɗanmu suka sa shi a mota.

Aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, aka yi hoto, aka tura mu Damaturu. Maganar likitan can har yau tana kunnena: "Hajiya, ƙodar Baba ta gaji, duka biyun. Ba za ta farfaɗo ba, sai dai inji ya riƙa yi mata aikinta." Ranar na fara jin ana cewa wankin ƙoda. Ni da na ɗauka fito da ita za a yi a wanke a mayar.

Daga nan hanya ta zama gidanmu, sau biyu a mako. Mu yi asubanci mu tarar da layi, don injuna kaɗan ne, masu jira kuwa daga ko'ina. Wata rana a kira mu da hantsi, wata rana sai la'asar. A bencin jiran nan na yi ƙawaye da ban taɓa yin irinsu ba, mu raba ƙosai, mu raba kuka, in mako ya zagayo ba a ga wata ba kowa ya kasa tambaya. Man mota, allurar ƙarin jini, gwaje-gwaje, su suka riƙa fitar da shanun da yake kiwo a bayan gida ɗaya bayan ɗaya, har turakun suka zama fayau. Abokansa na kasuwa wasu sun yi mana abin da ɗan'uwa bai yi ba, Allah ya saka musu. Wasu kuwa da suka ci arziki a inuwarsa, ko leƙe. Ba na riƙe su, amma ban manta ba.

A ɗakin wankin akwai wata babbar ma'aikaciyar jinya, Sista Rifkatu, mutuniyar wajen Fika, mai hannu mai sanyi da baki mai zafi. Ita ke ɗora marasa lafiya a sikeli kafin a haɗa su da inji. Ita ta zaunar da ni ta kafa mini doka. Ba kanwa ko ta miya, gishiri kaɗan, ba dabino, ba ayaba. Sannan ta ɗauko wata 'yar gora ta roba ta ajiye a gabana.

"Mama, wannan ce ruwansa na yini guda. Da kunu, da shayi, da romo, duk a cikinta."

Na ce, "Sista, wannan ai ko alwala ba ta isa ba."

"Abin da ya shiga ba ya fita, Mama. In ya taru, huhu yake hawa. Ba mugunta ba ce."

Sista Rifkatu ce kuma ta lura da yadda Falmata take tsayawa kan mahaifinta tana tambayar komai game da injin. Ta gaya mata akwai wata ƙungiya ta masu aikin ƙoda da take ɗaukar nauyin karatun shekara guda ga ma'aikatan jinya, su ƙware a wannan fanni, ita ma da irin wannan tallafi ta yi nata. Ta ce, "Mu kaɗan ne, ƙanwata, ga mutane nan kina gani. Ki nema." Falmata ta nema, muka ma manta da zancen.

A gida muna bin doka sau da ƙafa, amma duk zuwa sai sikeli ya nuna nauyin Baba ya haura. Sista Rifkatu ta harare ni, ni in harari Falmata, shi kuwa gogan ya kafa wa silin ido kamar ba da shi ake ba. Muka rasa ta inda ruwan yake shiga.

Ashe ta ƙofar gida ne. Tun da ya daina zuwa kasuwa, sai a fitar masa da kujera ƙarƙashin darbejiya, kusa da randarsa, yana gaisawa da mutane. A garin nan kuwa ba wanda zai ɗebi ruwa a gaban dattijo ya kai baki bai ce "Baba, bismilla" ba. Shi kuma wai ba zai kunyata baƙo ba, sai ya karɓa ya kurɓa ya mayar. Ƙara da masu zuwa dubiya: wannan ya kawo rubutu a kwalba, wancan zamzam, waccan fura da nono mai sanyi. Wa zai ce wa zamzam a'a? Falmata ce ta dawo aiki da wuri wata rana ta gan shi da moɗa a baki, wani Bafulatani na tsaye yana jira ya gama.

Ba a yi mako ba abin da Sista ta faɗa ya faru. Da hantsi numfashinsa ya sarƙe, ya kasa kwanciya, ya kasa magana, yana jan iska kamar wanda aka danna cikin kogi. Yadda muka isa Damaturu ranar, Allah kaɗai ya sani. Aka tsallake da shi layi aka haɗa shi da inji, waɗanda ke jira ba wanda ya yi gunaguni. Da ƙyar aka ƙwato shi.

A cikin makon nan ne aka bugo wa Falmata waya cewa an zaɓe ta. Karatun can Kudu ne, kuma in ba ta je ba wata za a ba. Ta zo ta same mu a tsakar gida, Ya Kellu na nan, Falmata ta ce ba za ta je ba.

"Ina nan ma ga abin da ya faru. In na tafi, gawarsa zan dawo in tarar. Sai dai in za a cire randar nan."

Ya Kellu ta zabura. Hausarta irin ta Barebari ce, mace ma "kai" take ce mata. "Kai Falmata, ba ka da hankali? Mutum yana kwance za a cire sadakarsa? Randar ubanmu?"

Aka yi ta yi, ni dai ina gefe, don tsakanin 'ya da gwaggonta ba a sa baki. Shi yana kishingiɗe a tabarma yana jinsu. Can ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Randa ba za ta tashi ba, ba ita ta yi laifi ba. Ke kuma Falmata za ki tafi. Mutanen da ba su san ki ba sun ware dukiyarsu don ki koyo abin da zai amfani irina, ni ubanki in zama sanadin da za ki mayar musu?" Ya juyo ya dube ni. "Ku shaida. Daga yau ruwa ba zai ƙara wuce maƙogwarona ba sai wanda ya fito daga hannun 'yar Gadaka. Na yi wa Allah alkawari."

Kowa ya ji daɗi ban da ni. Na san mutumin, in ya ambaci Allah an gama. Amma na gane abin da ya yi: ya rufe duk ƙofofi ya bar ɗaya, ya kuma tsayar da ni a bakinta. Karatun Falmata da numfashinsa duk sun dawo tafin hannuna.

Ta tafi da kaka, sanyi ya taimake mu. Masu wucewa suka saba, in sun ce bismilla ya ce, "Na gode, likitata ta hana." Limamin unguwarmu, Allah ya ƙara masa daraja, ya ce a riƙa wanke rubutu da ruwa kaɗan, ya sha cokali, sauran a shafa masa, duk ɗaya ne a wurin Allah. Zamzam ma haka. Sikeli ya daidaita, har Sista Rifkatu ta fara yi mini murmushi.

Sai bazara ta zo. Wanda ya san zafin Potiskum kafin ruwa ya sauka ya san abin da nake nufi. Kafin azahar ya shanye rabin gorarsa, leɓɓansa su tsattsage, harshensa ya yi fari. Na koyi dabaru iri-iri: ɗan gutsuren ƙanƙara ya tsotsa, yankan lemon tsami, ya kurkure baki ya tofar, in jiƙa zane in lulluɓa masa. Kullum da safe in fita in cika wa baƙi randa har baki, in dawo in auna wa mai randar da murfin gora. Ba abin da ya taɓa yi mini nauyi kamar wannan.

Addu'ar nan tasa ta ɗauke. Ya karɓi ɗan abin da na zuba ya haɗiye ya miƙo kofin, ba uffan. Ban taɓa sanin ina rayuwa da kalmomin nan ba sai da na rasa su. Ya Kellu kuwa ta baza ni a dangi, wai ina kashe mata ƙane da ƙishi don 'yata ta samu takarda. A wurin wani suna aka ƙi amsa gaisuwata. Na dawo na shiga madafa na yi kuka na ƙoshi, na wanke fuska na fito na auna masa na la'asar.

Wata rana da tsakar rana, ba wuta, ƙanƙara ta yi wuya, gorarsa ta riga ta ƙare. Ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba.

"Adama."

Na zo na durƙusa.

"Shekara nawa ina shayar da mutanen da ban sani ba? Yau ni ake hana wa ruwa a gidana? Kofi ɗaya. Ba wanda zai sani."

Wallahi ƙafata har ta motsa. Ina jin ƙarar moɗa a waje, wani yana sha yana hamdala. Na daure na ɗauko wayata na ajiye a gabansa.

"Alhaji, kai ka ɗora mini, ban roƙa ba. In kana so ka sauke, ga waya. Kira Falmata ka ce ta tattaro ta dawo, ni kuma in cika maka kwano."

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya tura ta gefe da bayan hannu, ya juya mini baya, ya ce a nemo masa lemon tsami. Kwana da kwanaki bai yi mini magana ba sai ta dole. Amma bai sha ba, ni ma ban bayar ba, har damina ta sauka.

Falmata ta gama ta dawo. Binciken da ta yi na kammala karatu a kan abin da 'yan dubiya suke kawo wa masu ciwon ƙoda ne, da yadda za a yi musu magana ba tare da an ɓata zumunci ba. Ƙungiyar ta ba ta lambar yabo a kansa, ta kuma taimaka mata ta riƙa zagaya asibitoci tana wayar da kan masu jinya. Mahaifinta ya riƙe lambar yana juya ta, ya ce, "Ashe abin kunyar gidanmu ne aka ba wa kyauta. To ai ni ya kamata a ba, ni na sha ruwan." Ya Kellu ma da aka karanta mata binciken, ta ce ai tun farko ita ta ce yarinyar ta tafi.

Aka mayar da Falmata ɗakin wankin, ƙarƙashin Sista Rifkatu. Ita ta riƙa sa wa mahaifinta allura, shi kuma ya hana maƙwabtan gadonsa sakat da cewa 'yarsa ce. Mun samu kusan shekara biyu a haka, kuma su ne nake yawan tunawa. A hanyar dawowa yakan sa a tsaya a bakin kasuwar shanu, ya leƙa ta taga yana yi wa bijimai kuɗi da ido, yana cewa dillalan yanzu ba su san saniya ba.

Ga wanda zai karanta, abin da na koya kaɗan ne. Hawan jini ba a sallamarsa don an ji sauƙi. Ƙwayoyin gajiya na leda ba abokan tafiya ba ne. In ƙafa ta kumbura, a fara da asibiti kafin galan ɗin jiƙo. In kun je duba mai ciwon ƙoda, ku tambayi mai jinyarsa kafin ku miƙa masa ko da zamzam ne, kuma kada ku zagi matar da kuka ga tana auna wa mijinta ruwa. Masu ɗaukar nauyin karatun yaran nan kuwa, ban san fuskokinsu ba, amma suna cikin addu'ata.

A ƙarshe zuciyarsa ce ta raunana, jikinsa ya daina ɗaukar injin. Likita ya kira mu ya yi mana bayani a hankali, muka dawo da shi gida. Wata la'asar yana kwance a rumfa, numfashi sama-sama, Falmata ta daɗe riƙe da hannunsa. Sai ta tashi ta ja ni gefe, idonta jawur.

"Mama, ɗebo masa ruwa. Na randa. Ki cika kwanon."

Na gane abin da take gaya mini. Na ɗauko tsohon kwanon shansa da na kife a saman kabad tun farkon jinya, na ɗauraye, na fita ƙofar gida na cika shi. Na zo na durƙusa kamar da. Ya buɗe ido ya ga kwanon, ya dube ni, ya dubi 'yarsa.

"Likitar ta yarda?"

"Ita ta ce."

"To riƙe mini, hannuna ba ƙarfi."

Falmata ta tallafo kansa, na kafa masa kwanon. Ya sha a hankali, yana hutawa, yana ƙarawa, ruwan na bin gemunsa, har ya ga ƙasan kwanon. Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ya yi, sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Alhamdu lillahi. Allah ya shayar da ke ruwan Alkausara, 'yar Gadaka."

Washegari da hantsi ya cika. Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi abin da ya roƙa mini.

Randar tana nan, ni nake cika ta har yau.